Kiɗan share fage: wasiƙa daga Landan

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Kuɗin da na turo na maganinta ne, abin da ya ragu a saya wa yara takalman makaranta. Nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu.

Ina nan a gidan siniman nan, ina duba tikiti, in share ɗaki idan an tashi. Bari ka ji kunyar da na sha makon jiya. An saka wani tsohon fim na 1962, Lawrence of Arabia. Mutane na neman kujerunsu, labule a rufe, fitilu ba a gama kashewa ba, sai ganguna suka ɓarke kamar aradu, goge ya biyo baya, amma hoto ko ɗigo babu. Minti ɗaya, minti biyu. Na ce shi ke nan, inji ya lalace. Na haye bene a guje wurin dattijon da ke haska fim, ina haki na ce masa sauti na fita, allo kuma wayam. Bawan Allahn nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in koma in saurara, haka aka yi abin.

Bayan an tashi ya zaunar da ni. Ashe kiɗan share fage ne, kuma ya girmi sinima nesa ba kusa ba. Daga opera aka gado shi, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa. Tun 1607, a wasan da wani mai tsara kiɗa, Monteverdi, ya shirya a Mantuwa ta Italiya, sai da aka busa ƙahonni sau uku kafin a ɗaga labule. Ni dai kakaki ya faɗo mini a rai: kafin ka ga Sarki, ka riga ka gyara tsayuwa.

Lokacin da fim bai da murya, manyan gidajen sinima makaɗa suke ajiyewa. Da sauti ya zo, sai aka naɗi kiɗan a jikin fim ɗin. Amma kasuwarsa ta fi buɗewa a shekarun 1950 da 1960, da talabijin ya fara riƙe mutane a gida a Amurka. Sai masu fim suka mai da kallo biki: a sayi kujera tun kafin ranar, a ci kwalliya, a yi hutun rabin lokaci irin na finafinan Indiya, a dawo da kiɗa, a fita da kiɗa. Na Ben-Hur, na 1959, ya haura minti shida. Wanda ya ruɗa ni kuwa Maurice Jarre ne ya tsara shi, har ya ci Oscar, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, da kiɗan fim ɗin.

Lissafi ne ya kashe abin. Mai sinima ya fi son ya haska fim sau biyar a rana. Zuwa 1979 ya zama sai jefi-jefi, ko da yake wani mai shirya fim, Tarantino, ya ɗan farfaɗo da shi a 2015 da kiɗan Ennio Morricone. Yanzu tallar mota da lemo ake ɗura wa mutane na tsawon minti ashirin, kowa kansa na kan waya. Ranar kuwa na ga wata tsohuwa ta ajiye gugguru a cinya ta lumshe ido, ba ta buɗe ba sai da labule ya ja.

Don Allah ka tambayar mini Baba, lokacin da suke zuwa Plaza a Fagge, me ake sa musu kafin fim ya fara? Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina sa rigar sanyin.

Naka,
ƙaninka.