Hutun Bazara: A Fitar da Yara Waje, a Kuma Shigar da Su Kicin

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan yadda iyalai ke cinye dogon hutun makaranta na lokacin zafi, domin maganar ta daɗe a raina.

Abin da nake gani a gidaje da dama, har da nawa kafin mu sauya tsari, shi ne da zarar an rufe makaranta sai yara su tare a ɗaki tun safe har dare, kowa ya duƙufa a kan waya ko talabijin, abinci kuma ya riƙa zuwa musu a faranti ba tare da sun san yadda aka yi shi ba. Iyaye suna ɗaukar hakan kwanciyar hankali tunda yaro yana gaban idonsu, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, saboda zafin ba ƙarami ba ne. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi zafi tun da aka fara ajiye ma'auni. Sai dai kulle yaro makonni a ɗaki yana da nasa illolin, waɗanda ba sa bayyana nan take.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana na motsa jiki mai sa numfashi ya ƙaru. A lokacin karatu, tafiya makaranta da guje-gujen hutun tara suna biyan wani ɓangare na wannan bukata, amma idan aka yi hutu sai duk su ɗauke lokaci guda. Akwai kuma batun ido, wanda iyaye kaɗan ne suka san da shi. Yaran da ke yini a ɗaki sun fi fuskantar matsalar rashin gani daga nesa, abin da ya sa ƙasar Taiwan tun 2010 ta bukaci makarantunta su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a kullum. Masana suna danganta amfanin da ƙarfin hasken rana, kuma abin da ya kwantar mini da hankali shi ne hasken da ke ƙarƙashin inuwar bishiya ma ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa. Saboda haka ba a bukatar a shanya yaro a rana kafin ya amfana.

Dabarar dai tana wajen zaɓen lokaci. Hasken rana mai ƙona fata ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, don haka sassafe da bayan rana ta yi sanyi su ne lokutan fita, tare da isasshen ruwan sha, domin yaro idan wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa sai an tuna masa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na ɗan lokaci ne. Wanda kuma zai kai iyalinsa bakin kogi, tafki ko wurin ninkaya, ya sani cewa Hukumar Lafiya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke nutsewa galibi ba ya samun damar yin ihu, shi ya sa dole a ware babba guda wanda ba shi da wani aiki sai sa ido, ba hira, ba duba waya.

Amma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne girki. A fahimtata, rabin amfanin fita shan iska yana cikin shirin da ake yi a kicin kafin a fita, kuma a nan ne yawancinmu ke yin asara, domin uwa ce ke tashi ita kaɗai ta yi komai, yara kuwa suna jiran a kira su. Hutu ne kaɗai lokacin da yaro ke da sa'o'in da zai tsaya ya koyi girki a natse, ba tare da ana hanzarta shi ba. Ɗan shekara huɗu zai iya wanke 'ya'yan itatuwa da jera cokula, ɗan shekara takwas zai iya auna gari da fasa ƙwai, wanda ya haura goma kuwa ya isa a koya masa riƙon wuƙa da kula da wuta a gaban babba. Ina nufin maza da mata baki ɗaya, domin yunwa ba ta tambayar jinsi, kuma ɗan da ya tafi karatu nesa bai iya dafa komai ba zai ƙare ne a hannun masu sayar da abinci, lafiyarsa da aljihunsa duk su ji jiki.

Na lura cewa yaron da ya sa hannu a girki yakan ci abin da a da yake turewa, musamman ganye da kayan lambu, saboda yana jin nasa ne. Yakan kuma ga da idonsa yawan gishiri da sukarin da ke shiga tukunya. Lokacin da na nuna wa 'yata cewa gishirin da Hukumar Lafiya ta ba babba shawarar kada ya kai a yini shi ne giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, sai ta fara karanta rubutun da ke bayan ledar kayan ƙwalam da kanta. Lissafin rabi da kwata da yake ba ƙaninta wahala a aji ma, a wajen awon gari ya zauna masa. Gaskiya ne aikin da uwa za ta gama cikin rabin sa'a yakan ɗauki sa'a biyu idan da yara, za a zubar, za a ɓata, wani lokacin ma a ƙona. Wannan haƙurin shi ne kuɗin makarantar, kuma ya kamata iyaye maza su ɗauki kasonsu a ciki.

Sai dai abincin da aka dafa a gida aka ɗauka zuwa waje yana bukatar kulawa ta musamman a lokacin zafi, kuma wannan darasin da wahala na koye shi. Wata shekara mun dafa shinkafa da kaza da sassafe, muka bar su cikin mota har yamma kafin a ci, ba su yi wari ba, ɗanɗanonsu bai sauya ba, amma a daren nan yara biyu suka kwana amai, har sai da muka kai ƙaraminsu asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Daga baya na fahimci cewa ƙwayoyin cuta sun fi saurin yaɗuwa a abinci tsakanin maki 5 da 60 na ma'aunin Salshiyos, kuma shawarar Hukumar Lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin sanyi ba. Shinkafa tana da nata haɗarin, domin akwai ƙwayar cutar da ke jure dafuwa, idan abincin ya huce ya daɗe sai ta fitar da dafin da ɗumame ba ya kashewa. Ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015 ya nuna cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kuma kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 125,000. Tun daga lokacin, ko dai mu sa abincin a kula mai riƙe zafi mu ci da wuri, ko mu sanyaya shi mu ɗauka da ƙanƙara. Idan gashi za a yi a can, ɗanyen nama yana tafiya a mazubinsa daban, da wuƙarsa da katakon yankansa, a gasa shi har cikinsa ya kai maki 70, kuma ba a shigar da garwashi ɗaki ko tanti saboda iskar guba da yake fitarwa wadda ba ta da wari.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarmu ta ware ɗan shafi a makonnin hutu, inda za a riƙa kawo girke-girke masu sauƙi da yaro zai iya yi tare da iyayensa, a bayyana shekarun da kowane aiki ya dace da su, a kuma haɗa da bayanin yadda ake ajiye abincin idan za a fita da shi. Ina kuma kira ga hukumomin da ke kula da wuraren shaƙatawa su riƙa buɗe su tun sassafe su kai har magariba a wannan lokaci, su samar da ruwan sha da wurin wanke hannu, su kuma ƙara dasa bishiyoyi a gefen filayen wasan yara.

Na gode da filin da ka ba ni.

Taka mai karatu a kullum,
Wata uwa mai 'ya'ya huɗu