Warin fetur a cikin mota

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san za ka ce sai da wata matsala ta taso na tuna da kai. Faɗi abinka, amma saƙonka na ƙarshe layi biyu ne, ɗaya ma gaisuwa ce, ka ga mun yi kunnen doki.

Mako uku cur motata tana warin fetur, ba a waje ba, a ciki inda muke zama. Maman yara ce ta fara ji, ta ce in muka yi tafiya mai nisa kanta yana ciwo, autarmu kuwa sai ta toshe hanci tana cewa a sauke gilashi. Na ɗauka mai ne ya zuba a jikin motar wajen sha, na wanke wurin, na fitar da shimfiɗun ƙafa na shanya su a rana. Warin yana nan daram. Hankalina ya tashi ƙwarai, don yara ne ke zama a baya.

Na fara da murfin tanki, shi ne mai sauƙi. Robarsa ta ɗan bushe, na canza, ban ga bambanci ba. Sai fitilar injin ta kama a dashbod. Bakanike ya jona na'urarsa a soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari, wanda motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suke da shi tun 1996, ta nuna P0442. Ma'anarta tururin mai yana sulalewa ta wata 'yar ƙaramar kafa. Da babba ce, P0455 za ta nuna. Amma na'urar ba ta faɗin inda kafar take, nema ya rage naka.

Abin da ya taimake ni shi ne fanka. Ka san iskar da ke shigowa cikin mota daga ƙasan gilashin gaba ake jawo ta, wajen waifa, dab da injin. In ka buɗe iskar waje warin ya ƙaru, ka rufe ya ragu, to ka buɗe bonet ka duba tiyon mai da 'yan robobin nozul, wato masu fesa mai cikin injin. Ni na buɗe na rufe har sau nawa, duk ɗaya. Daga baya warin yake tasowa. Sannan na lura in na cika tanki sai ya gallabe mu, in mai ya sauka ƙasa da rabi sai ya lafa. Nan na ce lallai daga saman tanki ne.

 

To, muka ɗage kujerar baya. A ƙarƙashinta akwai wani faifan ƙarfe da sukurori, muna cire shi warin ya buge mu kamar mari. Ƙurar da ke kewaye da kan famfon mai ta jiƙe ta zama baƙin taɓo, tana sheƙi. Robar da ke tsakanin famfon da tanki ta baje, ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ta tsage a wuri ɗaya. Ashe lokacin da aka canza famfon bara tsohuwar robar aka mayar. Kana zaune a kan kujera, tsakaninka da mai faifai ɗaya ne.

Yadda bakaniken ya yi aikin ya burge ni. A fili ya tsayar da motar, ƙofofi duka a buɗe, domin tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ƙasa yake bi ya taru a kwari, ƙyastu ɗaya ya isa. Ya zare fis ɗin famfo, ya tayar da injin har ya mutu da kansa don ƙarfin man da ke cikin tiyo ya sauka, sannan ya cire kan batir mai alamar ragi. Yaronsa ya ɗauko kurfi da guduma zai kwance zoben da ke riƙe famfon, sai bakaniken ya daka masa tsawa, ya miƙa masa guntun katako. Ƙarfe kan ƙarfe a bakin tanki ba abin wasa ba ne. Aka goge wurin tas, aka sa sabuwar roba. Na cika tanki da gangan na yi kwana huɗu ina shinshinawa, shiru. Fitilar ma ba ta sake kamawa ba. Alhamdu lillahi.

Yanzu kai. Na san halinka na girgiza mota a gidan mai don a ƙara ɗura maka bayan bututun ya yanke da kansa. Don Allah ka daina. Akwai wani gwangwani mai gawayi da ke tsare tururin tanki, daga baya wani bawul ya buɗe injin ya zuƙe shi ya ƙone. Don tururi aka yi shi. In ka cika tanki ya wuce kima, ruwan man yakan gangara cikinsa ya jiƙa gawayin, shi ma ya fara wari. Kuma ka taɓa ce min taka tana wani wari in ka tsaya a cunkoso. Ka bambance, in na hayaƙi ne a duba salansa tun daga injin har baya, domin guba mafi haɗari a cikin hayaƙin ba ta da wari ko kaɗan, sai dai mutum ya ji jiri da ciwon kai da barci. Kada ka bari ya kai mako mai zuwa, kuma ka gaya min abin da aka gano.

Akwai abin da na zauna musamman don in tambaye ka game da karatun babban yaronka, ga shi motar ta cinye takardar. Zan kira ka ranar Asabar da dare, ka ɗauka. Maman yara tana gaida uwargida, ta ce har yanzu tana jiran hotunan.

Naka har kullum.