Amsar wasiƙarka game da ƙanenmu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta?

Maganar ƙanenmu ta tsaya mini a rai. Ka ce ya bar taramol wata da watanni, amma yana haɗuwa da tsofaffin abokansa sai ya koma, har ka fara cewa ba shi da zuciya. Don Allah ka sassauta masa. Abin da nake gani kullum ke nan a ɗakin bincikenmu.

Muna da akwati mai ɗaki biyu, ɗaya daɓensa da kaushi, ɗaya sumul. A ɗaya muke yi wa ɓera allurar mofin, wani maganin kashe zafi dangin taramol, a ɗayan ruwan gishiri kawai. Bayan 'yan kwanaki sai mu buɗe ƙofar tsakiya, ba mu ba shi komai ba. Sai ka ga ya nufi ɗakin mofin ya lafe. Ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ɗaure daɗin da wurin, kuma dofamin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, na da hannu a wannan ɗaurin. Ɗan Adam ya fi ɓera hankali nesa ba kusa ba, amma shi ma unguwa da fuskoki da ƙamshi suna tayar masa da ƙishirwar.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. A 1982 Shepard Siegel na Jami'ar McMaster a Kanada ya sabar wa ɓeraye da allurar heroyin, wata ƙwaya dangin mofin, a ɗaki guda, sannan ya ba su mai yawa. Waɗanda aka ba a wani ɗakin daban sun mutu kusan ninki biyu na waɗanda aka ba a inda suka saba. Ashe jiki kan shirya wa ƙwaya tun daga ganin wurin. Haka kuma wanda ya daɗe bai sha ba, juriyarsa ta ragu, adadin da yake sha a da zai iya tsayar masa da numfashi. Taramol kuma idan ya yi yawa yana kawo farfaɗiya.

Saboda haka kada ku kulle shi ku ce ya bari dare ɗaya. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a rage masa sannu a hankali, ku kuma tambayi likitan batun naloksan, maganin da ke farfaɗo da numfashi idan ƙwayar ta yi yawa. In da hali, ya sauya wurin zama na ɗan lokaci.

Ni ɗalibi ne har yanzu a wannan fanni, amma duk abin da likitan ya faɗa ka rubuto mini, mu duba tare. Ka gaishe da Mama, Allah ya ba shi lafiya.

Naka amini har kullum.