Fentin gindin jiragen ruwa da gubar da yake bari a tabon Apapa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Dan Allah ina so ku dan leka wani batu a shirinku na muhalli, kullum maganar leda da kwararowar hamada ake yi, amma ban taba jin an tabo maganar fentin da ake shafa wa gindin jiragen ruwa ba. Jan fentin nan da ake gani a kasan manyan jirage in sun sauke kaya a Apapa ko Tin Can, guba ce a cikinsa, kuma da gangan aka sa ta. Jirgi in ya dade a ruwa gansakuka da wasu kananan halittu masu bawo suna makale masa, ya yi nauyi, gudunsa ya ragu ya rika shan mai fiye da kima, shi ne ake shafa fentin da ke sakin guba a hankali a hankali don kar komai ya makale. Matsalar dai gubar ba ta tsayawa a jikin jirgin, ruwa take bi.

Tun wajajen 1960 aka fara sa wani sinadari mai suna TBT, wanda ake hadawa da kuza. Yana aiki sosai, shi ya sa kowa ya rungume shi. Sai a karshen shekarun 1970 masu kiwon kawa, wata halittar ruwa mai bawo da ake ci, a gabar Arkashon ta Faransa suka ga kawarsu ta daina hayayyafa, bawonta yana fitowa a karkace, sana'ar mutane ta kusa durkushewa gaba daya. A 1982 Faransa ta hana shafa shi a kananan jirage da ba su kai mita 25 ba. A Ingila kuma abin da aka gani ya fi tayar da hankali, matan wani irin dodon kodi na teku ne suka rika fitar da al'aurar maza har suka kasa yin kwai, a wasu gabobin teku dodon kodin ya kare kaf. Subhanallahi, wannan fa duk daga fenti.

Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta fitar da yarjejeniyar haramta TBT a 2001, ta fara aiki a Satumban 2008, kuma Najeriya na cikin kasashen da suka amince. A 2023 ma an kara haramta wani sinadarin, cybutryne. Yanzu yawanci fenti mai jan karfe ake shafawa, shi ma in ya taru a tashar da ruwa baya gudu sosai yana illa ga kwan kifi da jatan lande.

To abin da ya fi damuna, TBT in ya sauka cikin tabo yana iya shekara da shekaru bai lalace ba, duk ranar da aka zo yashe tashar don manyan jirage su samu shiga sai a sake tayar da shi. Ga tsofaffin jirage da aka yasar suna rubewa a ruwan Legas, ga wuraren gyara da ake kankare tsohon fenti, garin fentin nan ina yake zuwa? Masuntan Makoko a wannan tafkin suke jefa taru, kifin nan da jatan lande su ne dai muke saya a kasuwa mu kai gida yara su ci.

Rokona Edita ku gayyato wani daga NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Najeriya, ko hukumar tashoshin ruwa, ku tambaye shi kai tsaye ko ana duba takardar shaidar fenti ta jiragen da ke shigowa, da kuma inda ake zubar da abin da aka kankare da tabon da aka yaso. In an taba auna tabon Apapa a fada mana sakamakon da Hausa, mu ma a nan muke zaune muke ci daga ruwan.

Na gode, Allah Ya kara basira.

Mai sauraronku daga Agege, Legas.