An rufe gidajen mari, to ina za mu kai 'ya'yanmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in taɓo wata magana da kusan kowace unguwa take fama da ita, amma ba a cika faɗinta a fili ba. Maganar ita ce inda iyaye za su kai yaron da shaye-shaye ya kama, musamman wanda abin ya haɗe masa da taɓin hankali.

Jaridu, har da taku, suna ƙoƙari wajen kawo labarin kame. Da wuya mako ya wuce ba mu ga hoton jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, tsaye a bayan katan-katan na tramadol ko buhunan wiwi ba. Madalla da wannan. Sai dai wanda ya riga ya kamu, wanda yake kwance a ɗakin uwarsa jikinsa na rawa, ba kasafai ake bin labarinsa ba.

Masu karatu za su tuna ƙarshen watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Ba a yi wata guda ba aka fasa wani a Daura, daga nan abin ya bi garuruwa, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Kowa ya yi Allah wadai, ni ma na yi, kuma har gobe ina kan bakana. Amma akwai abin da aka tsallake a cikin hayaniyar. Akasarin waɗannan bayin Allah ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suka kuma biya kuɗi. Uba ba ya miƙa ɗan cikinsa a sa masa sasari don ƙiyayya. Tura ce ta kai bango: yaro ya sayar da keken ɗinkin uwarsa, ya ɗaga wa yayarsa hannu, dare ya yi ba wanda yake iya runtsawa a gidan. An rufe gidajen, an yi daidai. Abin da ya sa iyaye suka riƙa tururuwa can kuwa yana nan, ba a taɓa shi ba.

Girman matsalar ma ba ɓoyayye ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Wajen miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma tramadol da danginsa, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu ciwon da yake buƙatar magani. Likitocin ƙwaƙwalwa da ƙasar nan take da su gaba ɗaya ba su kai 300 ba, kuma kullum wasu barin ƙasar suke yi. A Arewa, asibitocin ƙwaƙwalwa da talaka ya sani ƙirgaggu ne: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Mutumin ƙauyen Zamfara ko Yobe kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi ya haƙura.

Da aka hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayu na 2018, bayan rahoton binciken BBC, mutane da yawa sun ɗauka an kashe wutar. Hana kaya ba ya warkar da wanda jikinsa ya riga ya saba. Wanda bai samu kwalba ba sai ya koma kan ƙwaya, wanda bai samu ƙwaya ba ya koma sholisho.

Babban kuskuren da ya yaɗu a cikinmu shi ne zaton cewa kulle mutum a ɗaki har abin ya fita daga jininsa shi ne magani. Wannan matakin farko ne kawai, kuma shi kansa ba a yin sa da ka. Wanda ya saba da tramadol ko kodin, idan ya daina, zai sha ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci, azabar da takan sa ya haura katanga ya koma. Wanda kuwa ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su diazepam da rochi, ko ya daɗe yana shan giya mai yawa, yanke masa lokaci guda yana iya jawo jijjiga, har a rasa rai. Shi ya sa likita yake rage abin a hankali, yana lura da shi. Mai gidan mari bai san wannan ba. Idan ya ga yaro yana jijjiga sai ya ce iska ce ta motsa, ko kuma ya ce taurin kai ne, ya ƙara masa bulala.

Akwai kuma wani haɗari da iyaye kaɗan ne suka sani. Bayan wata biyu ko uku ba a sha ba, jiki yakan manta adadin da ya saba ɗauka. Yaro ya fito, ya haɗu da tsofaffin abokai, ya haɗiye abin da yake haɗiya da, sai numfashi ya tsaya. Makonnin farko bayan sallama su ne mafi hatsari, kuma su ne lokacin da kowa ya saki jiki yana cewa ai an gama.

Inda na fi so in tsaya shi ne haɗuwar ciwo biyu a jikin mutum ɗaya. Mun saba cewa ƙwaya ce ta haukata wane. Wani lokaci haka ne, domin wiwi mai ƙarfi, musamman ga wanda ya fara tun yana ƙarami, tana iya tayar da taɓin hankali. Amma sau da yawa akasin haka ne ya faru: ciwon ne ya riga ƙwayar zuwa. Matashin da ciwon damuwa ya danne, ba ya barci, ba ya jin daɗin komai, sai aboki ya ba shi wata ƙwaya ya ji sauƙi na awa biyu. Matar da aka saka da yara huɗu, ba mai tambayar yadda ta kwana. Yaron da ya ga an kashe mahaifinsa a gabansa a Borno ko a dazukan Katsina, duk dare abin yana dawo masa. Ɗan acaba da leburan da suka fara shan tramadol don jiki ya ɗauki aiki. Idan aka cire wa irin waɗannan ƙwaya aka bar ciwon da ya kai su gare ta, an raba su ne da abin da suke dogarawa ba a ba su komai ba, kuma komawa za su yi. Haka nan idan aka ba da maganin taɓin hankali aka yi shiru a kan shaye-shayen, maganin ba zai kama ba. Cibiyar kirki tana duba duka biyun a lokaci guda: likitan ƙwaƙwalwa ya binciki mutum ya rubuta magani, masanin halayyar ɗan Adam ya zauna da shi yana koya masa gane abin da yake tunzura shi da yadda zai kauce, a haɗa shi da 'yan'uwansa masu irin matsalar su riƙa tattaunawa, a kira iyaye su ma a zauna da su, a koya masa ɗinki ko walda ko gyaran waya, sannan a ba shi ranakun dawowa asibiti bayan sallama.

Kuma ko an yi duk wannan, wasu za su zame. Masana sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda masu hawan jini suke sakaci da magani ciwon ya tashi. Ba mu taɓa jin an kori mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa ba. Asibiti ake mayar da shi.

Kada a ɗauka ina kushe malamai ne. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu, kuma malami ne mutum na farko da iyali suke zuwa wurinsa, tun kafin su tuna da likita. Abin da nake ƙi shi ne sarƙa da yunwa da duka. Haɗa hannu tsakanin asibiti da mutanen gari ma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani suna komawa cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Duniya ta zo ta koyi wannan a wurinmu. Me zai hana a koya wa limamai da alarammomi alamomin da in sun gani za su ce wa uba, "Alhaji, mun yi addu'a, gobe a kai shi asibiti"?

Ta fuskar doka an ɗan matsa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulki. Sabuwar dokar ta ba mara lafiya haƙƙi, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kula da wannan fanni. Amma takarda ba ta ba da gado a asibiti. Yanzu cibiyoyi masu zaman kansu suna ta ɓullowa a manyan birane. Wasu na gaske ne, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati, balle manomi. Wasu kuwa gidan mari ne aka yi wa fenti aka kafa allo a ƙofa. Uban da hankalinsa ya tashi ba shi da hanyar bambance su.

Sai maganar mata, wadda ta fi kowacce ɓoyuwa. Wancan binciken ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya, ɗaya mace ce, amma in ka leƙa wuraren jinya da ƙyar za ka ga mata. Ana tsoron kada a ji, kada ta rasa mijin aure, kada a ce gidan wane. Sai a rufe ta a ɗaki a ce wa maƙwabta ta yi tafiya.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku tura wakilanku Barnawa da Dawanau da Kware da Maiduguri, da cibiyoyin da NDLEA take da su a jihohi. Su tambayo mana gado nawa ake da shi, nawa ake biya a wata, ko akwai ɓangaren mata, ko inshorar lafiya tana ɗaukar wani abu, da wace rana ake ganin likita. Ku buga amsar da Hausa, da adireshi, yadda uwa za ta iya yankewa ta ajiye. Ku kuma tambayi kwamishinonin lafiya na jihohinmu wane ne yake ba cibiyoyi masu zaman kansu lasisi, kuma yaushe rabon da wani jami'i ya shiga ciki ya duba ƙafafun waɗanda ke kwance.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna