Dabarar neman bayanin lafiya a Google

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A nan Damagaram, idan zafi ya tsananta aka shiga fargabar sanƙarau, jama'a kan buɗe Google a waya, sai tallan masu magani ya cika musu ido, alhali akwai hanyar tacewa. Wanda ya rubuta méningite site:who.int (méningite shi ne sanƙarau da Faransanci) zai ga shafukan Hukumar Lafiya ta Duniya kaɗai. Alamun zance a gefe biyu na jimla suna kawo ta daidai yadda aka rubuta, alamar ragewa (-) kuwa, idan aka manna ta a farkon kalma, tana kore shafukan da ke ɗauke da kalmar. Ina roƙon jaridarku ta koya wa masu karatu wannan, tare da jan kunne cewa yaron da zazzaɓi ya sanƙarar wa wuya asibiti ake garzayawa da shi nan take.

Mai karatunku,
daga Zinder