Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025, Daga Sakatare

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa abokan sana'ar hoto, Allah Ya nuna mana ƙarshen wata shekarar, ga abin da aka yi, ga wanda ya gagara.

Taron wata-wata an yi shi kamar kullum, ban da na watan azumi da aka ɗage. An je ta'aziyya da barka inda ya kamata.

Zan fara da kuɗin wata, domin shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabinmu ba. Kowa ya san ni ba ma'aji ba ne, littafin ya dawo hannuna ne tun da Ma'aji ya kwanta jinya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Tun daga lokacin na koma kamar uwar adashe. Wani da ya hango babur ɗina sai yaronsa ya ce mini Oga ya shiga ɗakin duhu, alhali rabon da a wanke hoto a ɗakin duhu a garin nan har an manta. Wani kuma "Sakatare, bari a sallame ni kuɗin bikin nan" yake ce mini tun kafin babbar sallah.

Saboda haka masu tambayar ina kwamfutar ƙungiya da aka yi alkawari, amsarku ke nan. Sau biyu muna zuwa kasuwa, sau biyu abin da ke asusu bai kai ba, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin da aka gaya maka yau ba shi za ka tarar gobe ba. Maganar Photoshop, manhajar gyaran hoto, ma haka take. Tun 2013 aka daina sayar da sababbin zubinsa a biya gaba ɗaya, haya ake biya wata-wata, kuma lissafin da dala ne. Ƙungiyar da ba ta iya tara kuɗin wata da naira, ina za ta da wannan? Masu cewa a sa na bayan fage, wato na sata, kwamiti ya ƙi, ni ma ina cikin waɗanda suka ƙi.

Amma duk da haka mun yi bitar gyaran hoto ta kwana biyu ga 'yan koyo, kuma ita ce abin da zan ɗaga kai in nuna a bana. Aron ɗakin kwamfuta muka yi, muka zuba GIMP, wata manhajar gyaran hoto, a kowace na'ura tunda kyauta ne, ga shi sabon zubinsa na 3.0 ya fito a watan Maris. Waɗanda ba su sami kujera ba aka haɗa su da manhajar gyaran hoto ta Snapseed a wayoyinsu. Wuta ta ɗauke tun kafin azahar ɗin ranar farko, Shugaba ya sayi man janareto daga aljihunsa, Allah Ya mayar da alheri.

Malamin bitar, wanda ɗan ƙungiya ne kuma ko kwabo bai karɓa ba, ya fara da doka ɗaya: kada ka taɓa hoton asali. Ka kwafe shi, ka yi aiki a kan kwafin. Ya kwatanta leya da farar leda da aka shimfiɗa a kan hoto, in ka ɓata sai ka yaye ta, hoton na nan a ƙasa lafiya lau. Sannan ya sa kowa ya haddace Ctrl da Z, maɓallan da ke warware kuskuren da ka yi, ya ce nan ne ƙofar tuba.

Daga nan aka shiga yanke hoto da miƙar da wanda ya karkace. A nan aka ɗan sha lissafi. Hoton inci 4 da 6 in ana so ya fita tas a takarda yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 1200 da 1800. Fasfo na yau da kullum milimita 35 da 45 ne, na bizar Amurka kuwa inci 2 da 2. Abin da aka fi jan kunne a kai shi ne ja wa hoto gefe ɗaya don ya cika takarda, har kan mutum ya koma kamar goruba. A kulle tsawo da faɗi tare kafin a ja.

Darasin haske ne ya fi burge ni. An kawo hoton Dutsen Dala da aka ɗauka cikin hazon hunturu, ya yi fari fat kamar an watsa masa toka. Malam ya buɗe ma'aunin hasken da ake kira Levels, ya nuna musu zanen da ke kama da tsauni, ya ce a jawo alamar baƙi da ta fari su zo gindin tsaunin, sannan a lallaɓa ta tsakiya. Nan take gidajen ƙasa suka fito da jan launinsu. Ɗakin ya ɗauki kabbara.

Rana ta biyu aka koyi goge tabo da ɗinke yagewa, inda ake ɗebo wuri mai kyau a rufe mara kyau da shi. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya zo da hoton mahaifinsa mai baƙi da fari, ya karye ta tsakiya, ruwa ya ci gefen rawanin. Wata yarinya da ranar farko ko linzamin kwamfuta ba ta iya riƙewa ba ta zauna a kansa daga hantsi har la'asar. Ta ƙara girman hoton, tana ɗebo zaren rawani daga dama tana liƙawa a hagu, kaɗan-kaɗan. Da ta gama ta ce, "Baba, ga shi, ko akwai saura?" Ya daɗe yana kallo, ya ce, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka," ya cire tabarau ya fita waje.

An kuma yi dariya. Wani yaron shago ya goge wa wani tsoho tsagar gadonsa kaf, wai ya zaci tabo ne. Ina roƙon mu ma manya mu ji wannan, domin yadda wasunmu ke murje fuskar amarya su haske ta har uwarta ta kasa gane ta, wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce. An rufe da ajiya: aikin da ba a gama ba a bar shi a XCF, wato tsarin ajiyar GIMP, da leyoyinsa, tsarin JPEG kuwa sai an kammala, domin duk sake ajiye shi rage masa inganci yake. In za a tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai isa a matse.

To, su wa suka zo? Yaran shaguna ne da 'yan mata daga waje. 'Yan ƙungiyar da suka fi kowa ɗaga murya a kan a yi bita, ko ƙeyarsu ba mu gani ba, sai washegari suka cika zauren WhatsApp da "a turo mana bidiyo". Babu bidiyo. Wanda ya ɗauki alkawarin ɗauka shi ma bai zo ba.

Takardun shaida ba a buga ba, kuma zango na biyu, wato cire bangon hoto da haɗa hotuna, an ɗage shi. Ba sakaci ba ne, kuɗin takarda da na mai ne babu, kuma ba za mu sake barin Shugaba da ɗawainiya shi kaɗai ba.

Taro na gaba Asabar ɗin farko ta wata ce bayan la'asar, za a karanta sunayen masu bashi. Wanda ya tafi da filashin ƙungiya da igiyar majigi ranar bita ya zo da su.